Wa ke zaɓen ta ɗaya a shirye-shiryen jera waƙoƙin kantiri na talabijin a Amurka?

Sarkin_Faifai:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina so in kawo wata magana da ta shafi shirye-shiryen talabijin na Amurka masu jera bidiyon waƙoƙin kantiri, wato salon waƙar nan da ya taso daga karkarar kudancin ƙasar, wanda cibiyarsa take birnin Nashville a jihar Tennessee. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne na tashar waƙoƙin kantiri ta CMT, wanda aka fara a 2001 da sunan Top 20 Countdown, Lance Smith ya daɗe yana gabatar da shi, sannan a 2013 aka sake masa fasali ya koma Hot 20 Countdown a hannun su Cody Alan da Katie Cook. Tsarinsa sananne ne: a fara daga waƙa ta 20, a riƙa hawa sannu a hankali, ana faɗin wadda ta ɗaga da wadda ta sauko, ana tsarma hira da mawaƙa a tsakani, har a zo kan ta ɗaya a ƙarshen shiri.

Abin da nake da'awa shi ne, wannan jeri ya fi nuna abin da tasha da kamfanonin faifai suke so jama'a su so, fiye da abin da jama'a suka riga suka so da kansu. Hujjata kuwa ita ce, tasha ce take zaɓen bidiyon da za ta riƙa nunawa tun farko, kuma bidiyon da ba a nuna ba babu yadda za a yi ya shiga zuciyar mai kallo, balle ya hau jeri. Duk da haka ana gabatar da sakamakon kamar hukuncin jama'a ne. Ina roƙon waɗanda suka san harkar su faɗa mini inda maganata ta tsaya da inda ta karkace.

Malam_Na_Kofar_Mata:
Wa alaikumus salam. Maganarka tana da tushe, amma ya kamata a fara duba halin da aka kafa waɗannan tashoshi a ciki. Lokacin da MTV, tashar bidiyon waƙoƙi, ta fara aiki a watan Agusta na 1981, hankalinta yana kan waƙoƙin matasan birni, mawaƙan Nashville ba su da wani gurbi a wurinta. CMT ta buɗe ranar 5 ga Maris 1983, kwana biyu bayan haka kuma TNN, wata tashar kantiri, ta biyo baya. Kafin nan, mutumin da ke zaune a wani ƙaramin gari a Kentucky ko Oklahoma yana iya shekara yana jin muryar mawaƙi a rediyo bai san fuskarsa ba, sai dai hoton da ke bangon faifai. Saboda haka a wurin mawaƙan, samun tashar da za ta nuna su, ta kuma jera su kowane mako, buɗe ƙofa ne kafin ya zama tsare ƙofa. Na yarda cewa mai buɗe ƙofa shi ne kuma yake da ikon rufe ta, amma kada mu fara labarin daga rufewar.

Bintu_Jarida:
Malam Sarkin Faifai, ina ganin an haɗa abubuwa daban-daban a cikin kwando ɗaya. Akwai jerin da ake haɗawa da ƙidayar na'ura, kamar na mujallar Billboard, inda ake lissafa sau nawa gidajen rediyo suka saka waƙa, nawa aka saya, nawa aka saurara ta intanet. Akwai kuma jerin da masu kallo ke kaɗa wa ƙuri'a kai tsaye. Misalinsa shi ne na tashar GAC, wadda ta fara aiki ranar 31 ga Disamba 1995 tana gogayya da CMT. Shirinta na Top 20 Country Countdown, wanda Nan Kelley ta yi shekaru tana gabatarwa, a lokacin masu kallo ne ke shiga shafin tashar su zaɓi bidiyon da suke so, a tattara a ƙarshen mako. Sannan akwai jerin da tasha ke haɗawa da kanta bisa ma'aunin da ta ga dama. Zarginka ya fi kama na ƙarshen nan, ya ɗan taɓa na biyu, amma na farkon sai an kawo masa wata hujja dabam.

Direban_Tirela_Ohio:
Ni sana'ata tuƙin babbar mota ce a Amurka, kuma na ga yadda ake kallon waɗannan shirye-shirye a wuraren da muke yada zango. Da safiyar Asabar za ka shiga gidan abinci a bakin babbar hanya, talabijin tana maƙale a kusurwa can sama, an rage mata murya, direbobi suna karin kumallo kowa da hularsa a gefen faranti. Ba wanda yake bin jerin daga farko har ƙarshe. Amma in aka zo wajen uku na sama, sai ka ga mai zuba kofi ta tsaya da butarta a hannu tana kallo, wani daga cikin zaunannun ya ce a ƙara murya. In wadda suke so ba ta zo ta ɗaya ba, sai su girgiza kai su ci gaba da cin abinci. Ban taɓa jin wanda ya ɗauki abin a matsayin hukuncin kotu ba. Abin da suke nema shi ne su ga mawaƙan, su ji wanda zai zo wasa a jiharsu, su kuma sami abin hira.

A cikin mota kuwa rediyo muke ji. Shirin American Country Countdown tun 1973 ake yinsa, Bob Kingsley ya riƙe shi daga 1978 zuwa 2005, Kix Brooks ya karɓa a 2006. Tsofaffin direbobi sun fi amincewa da irin wannan fiye da na talabijin.

Injiniya_Mai_Lissafi:
Malama Bintu, ƙuri'ar masu kallo ba ta wanke shirin daga zargi ba. Ƙuri'ar intanet ba ta auna yawan masu son waƙa, tana auna himmar masoyan mawaƙi ne. Mawaƙin da yake da ƙungiyar masoya mai tsari, wadda ke tunatar da 'ya'yanta kowane mako su je su danna, zai riƙa doke wanda ya fi shi masu sauraro amma mutanensa manoma ne da ma'aikata da ba su da lokacin zama gaban kwamfuta. An ga haka ƙarara a shirin TRL na MTV wanda aka fara a 1998, inda masoyan 'yan ƙungiyoyi kaɗan suka mamaye saman jeri, har tashar ta kafa doka cewa bidiyon da ya kwana 65 a jeri za a yi masa ritaya don wasu su sami wuri. Da zarar an kafa irin wannan doka, hannun tasha ya shigo, ko da niyyar kirki ce. CMT ma ta yi nata shirin a kan wannan salo, Most Wanted Live, daga 2001.

Tsohon_Mai_Gabatarwa:
Abin da Injiniya ya faɗa na gan shi da idona, ko da yake a nan gida ne, kuma a rediyo. Na yi aiki a wani gidan rediyo a Arewa lokacin da ake aiko da katin gaishe-gaishe da zaɓen waƙa ta gidan waya. Muka ce bari mu riƙa fitar da waƙoƙi 10 da aka fi nema a mako. Da muka zauna tantance katunan a kan tebur, sai muka lura da wasu masu yawa da rubutun hannu iri ɗaya, tawada iri ɗaya, sunaye ne kawai da unguwanni suka bambanta, kuma duk waƙa guda suke nema. Muka yi ta muhawara a ofis: a ƙirga su duka, ko a ɗauke su a matsayin ɗaya? Duk wanda muka zaɓa, mu ne muka yanke, ba masu sauraro ba. Daga lokacin na fahimci cewa mai haɗa jeri ba ya taɓa zama ɗan kallo. Amurkawa sun fi mu na'urori nesa ba kusa ba, amma wannan tambayar tana gabansu kamar yadda ta zo gabanmu.

Sarkin_Faifai:
Na gode, Baba Tsohon Mai Gabatarwa, Allah ya ƙara girma. Ga misali daga tarihin CMT kanta. A 1991 Garth Brooks ya fitar da bidiyon The Thunder Rolls, wanda ya nuna mijin da ke cin amanar matarsa yana kuma dukanta. CMT da TNN duka suka janye shi daga allonsu. A wannan shekarar dai ƙungiyar CMA, ta masu sana'ar waƙar kantiri, ta ba shi lambar bidiyon da ya fi kowanne. Da a ce mutum ya dogara da abin da tashoshin nan biyu ke nunawa kaɗai, da sai ya ɗauka bidiyon bai wanzu ba. Kuma da GAC ta buɗe a ƙarshen 1995, wannan bidiyon ta fara nunawa. Wannan shi ne abin da nake nufi: kafin a fara ƙirga, wani ya riga ya ware abin da za a ƙirga.

Dalibin_Murfreesboro:
Ina karatu a kusa da Nashville, kuma ina so in ƙarfafa ɓangaren da Malama Bintu ta ce yana buƙatar hujja dabam. Har zuwa ƙarshen shekarun 1980, Billboard tana dogara ne da rahoton da gidajen rediyo da masu kantin faifai ke ba ta da bakinsu, kuma kowa ya san irin wannan rahoto yana iya lanƙwasuwa. A watan Janairu na 1990 aka fara amfani da na'urorin BDS masu sauraron gidajen rediyo suna ƙirga kowace waƙa da aka saka, kuma jerin kantiri ne aka fara gwada su a kansa. A watan Mayu na 1991 SoundScan ta shigo, tana ɗaukar lissafi daga na'urar biyan kuɗi ta kanti. Sakamakon ya ba masu harkar mamaki, domin ya bayyana cewa ana sayen waƙoƙin kantiri fiye da yadda tsohon lissafi yake nunawa. A watan Satumba na shekarar, kundin Garth Brooks ya shiga jerin dukkan kundayen Amurka kai tsaye a matsayi na ɗaya, abin da wani kundin kantiri bai taɓa yi ba.

Darasin da na ɗauka shi ne, ƙidaya mai kyau tana iya tona son zuciyar masu tsaron ƙofa. A wannan karon mutanen karkara ne suka amfana, domin masu harkar a New York da Los Angeles sun daɗe suna raina kasuwarsu.

Injiniya_Mai_Lissafi:
Ɗalibi, na'ura tana ƙirga abin da aka saka, ba ta tambayar dalilin da ya sa aka saka shi. Kowane babban kamfanin faifai a Nashville yana da ma'aikatan da aikinsu kawai shi ne bin shugabannin shirye-shiryen rediyo don a ƙara wa waƙarsu juyi, wato yawan saka ta a rediyo. Akan ware mako guda a tattara ƙarfi a kansa don waƙa ta taɓa matsayi na ɗaya, shi ya sa a jerin rediyon kantiri za ka ga waƙoƙi da yawa suna yin mako ɗaya a sama sannan su gangaro da sauri. Daga nan a shirya walimar murna ga mawaƙi da marubutan waƙar, a rubuta a tarihinsa cewa yana da ta ɗaya guda kaza. Wannan duk halal ne a dokarsu. Wanda ba halal ba ma an kama: a 2005 Antoni Janar na jihar New York, Eliot Spitzer, ya binciki toshiyar bakin da ake ba gidajen rediyo, kamfanin Sony BMG ya amince ya biya dala miliyan 10, Warner kuma dala miliyan 5. Binciken bai keɓanta da kantiri ba, amma ya nuna yadda kasuwar take. Tashar talabijin kuwa tana kallon abin da ke tashe a rediyo, don haka abin da ya shafi can yana isowa nan.

Hajiya_Umman_Yara:
Ina bin wannan muhawara tun daga farko, kuma har yanzu ba wanda ya ambaci mata, alhali a kansu ne hannun masu tsaron ƙofa ya fi fitowa fili. A 2015 wani mai ba gidajen rediyo shawara, Keith Hill, ya faɗa wa mujallar Country Aircheck cewa duk mai son yawan masu sauraro ya rage waƙoƙin mata, kada ya saka biyu a jere, har ya kwatanta maza da ganyen latas, mata kuma da tumatir da ake ɗan yayyafawa a kai. Manyan mawaƙa mata irin su Martina McBride da Miranda Lambert suka mayar masa da martani. Abin da ya fi damuna a maganar shi ne, ba ra'ayin mutum ɗaya ya faɗa ba, ya bayyana yadda ake aiki ne. In ana hana waƙar mace juyi, ba za ta hau jeri ba, sannan a dawo a nuna jerin a ce ga shaida jama'a ba sa son waƙar mata.

A nan kuwa CMT ta yi abin a yaba. A 2013 ta fara shirin tallafa wa sababbin mawaƙa mata, kuma a watan Janairu na 2020 ta sanar cewa za ta raba lokacin nuna bidiyo daidai wa daida tsakanin maza da mata. Saboda haka, Malam Sarkin Faifai, na yarda da kai cewa hannun tasha yana ciki. Inda muka rabu shi ne, ni ban ɗauki shigar hannun a matsayin laifi ba sai na ga abin da ya yi.

Dan_Zinder_227:
Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, amma in tasha ta ce rabi maza rabi mata, ai jerin ya tashi daga ma'aunin farin jini ya koma rabon kujeru. Ina ganin gara a bar ƙidaya ta faɗi abin da ta gani, ko da ba mu ji daɗinsa ba.

Bintu_Jarida:
Ɗan'uwa na Zinder, a gyara wannan. Alƙawarin da CMT ta yi a 2020 a kan sa'o'in da take nuna bidiyo ne, wato damar da kowa zai samu a gan shi. Wannan dabam yake da a ce dole matsayi na ɗaya ya riƙa zagayawa tsakanin namiji da mace. Mai rumfa a kasuwa da ya baje kayan mutum ɗaya a gaba, ya tura na ɗayan ƙarƙashin tebur, ba shi da bakin cewa ciniki ne ya nuna wanda aka fi so. In ya baje su duka a gaba, a lokacin ne cinikin zai zama shaida.

Baba_Tudun_Wada:
Ku yi mini haƙuri in ɗan kauce. Mu da muka taso a Kaduna a shekarun 1970 da 1980, mun san Jim Reeves da Don Williams da Dolly Parton da Kenny Rogers ba tare da mun taɓa ganin wani shirin jeri ba. Kaset ne ke yawo daga hannu zuwa hannu, a shagon tela, a motar haya mai zuwa Jos, a ɗakin malamin makaranta da yamma. Ba mu san wadda ta zo ta ɗaya a Nashville ba, ba mu kuma tambaya ba. Muryar Don Williams mai sanyi ce, kalmominsa a fili suke, mai ƙaramin Turanci ma yana kama ma'ana, shi ya sa ya zauna a zukatan mutane daga nan har Gana da Kenya da Zimbabuwe, inda ya je ya yi wasa a Harare a 1997. Da ya rasu a 2017, mutane da yawa a Afirka sun yi jimami kamar nasu ne. A shekarunsa na ƙarshe rediyon Nashville ta riga ta koma kan matasa, amma a nan ba a daina jin sa ba. Duk jerin da za a haɗa a Amurka, wannan soyayyar ba ta cikin lissafinsa.

Malam_Na_Kofar_Mata:
Gaskiya ne, Baba. Sai dai zan ƙara da cewa kaset ɗin da ya iso Kaduna, wani kamfani ne ya ga mawaƙin ya yi kasuwa a can kafin ya buga shi da yawa har ya ƙetaro teku. Ko ba mu kalli jerin ba, abin da jerin ya tace ne ya iso mana.

Gurmi_Da_Banjo:
Tunda an taɓo Afirka, akwai wata ƙofa da take gaban duk waɗanda aka lissafa, ita ce ta wanda ke yanke cewa wannan waƙa kantiri ce, waccan ba ita ba ce. Kayan kiɗan banjo, wanda yake cikin ginshiƙan wannan salo, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka ƙera shi a can bisa tsarin kayan kiɗan ƙwarya da fata da tsirkiya da suka baro a gida, dangin gurmi da molo. Duk da haka baƙaƙen fata 'yan kaɗan ne suka yi fice a Nashville, kamar DeFord Bailey a farkon zamani da Charley Pride daga shekarun 1960.

A watan Maris na 2019 Billboard ta cire waƙar Lil Nas X, Old Town Road, daga jerin kantiri bayan ta riga ta shiga, bisa cewa ba ta ƙunshi isassun siffofin salon ba. Waƙar ta je ta yi mako 19 tana ta ɗaya a babban jerin Billboard na kowane salon waƙa, Hot 100. A watan Fabrairu na 2024 ne aka fara samun mace baƙar fata a saman jerin kantiri, wato Beyoncé, kuma wanda ya karɓa daga hannunta shi ne Shaboozey, haifaffen jihar Virginia wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, sunansa na yanka Collins Obinna Chibueze. Waƙarsa ita ma ta yi mako 19 a saman Hot 100. Duk ingancin na'urar ƙirga, ba ta da ta cewa a kan waƙar da aka ce ba ta cikin gasar.

Lauya_Mai_Nazari:
Ina so in kawo abin da ke adawa da da'awar farko, aƙalla a wannan zamani. A watan Yuli na 2023 Jason Aldean ya fitar da bidiyon Try That in a Small Town. An ɗauki wani sashensa a gaban ginin kotun gundumar Maury a garin Columbia na Tennessee, wurin da gungun fararen fata suka rataye wani matashi baƙar fata, Henry Choate, a 1927, kuma an haɗa shi da hotunan zanga-zanga da tarzoma. Mutane da yawa suka ce bidiyon yana ingiza ɗaukar doka a hannu, mawaƙin ya musanta cewa yana da wata manufa ta launin fata. CMT ta janye bidiyon cikin 'yan kwanaki. Me ya biyo baya? Magoya bayansa suka yi ta saye da sauraro, a farkon Agusta waƙar ta zama ta ɗaya a Hot 100, matsayin da bai taɓa samu ba a baya.

Ba ina kare bidiyon ba ne, ni ma wurin da aka zaɓa ya sosa mini rai. Abin da nake nunawa shi ne, a 1991 janyewar tasha tana nufin mafi yawan mutane ba za su ga bidiyo ba, a 2023 kuwa kowa yana da shi a wayarsa. Ikon da Malam Sarkin Faifai yake magana a kai ya ragu ƙwarai.

Injiniya_Mai_Lissafi:
Barista, misalinka yana da kaifi biyu. Waɗanda suka sayi waƙar a makon nan, da yawansu sun saya ne don su nuna ɓangaren da suke a rikicin siyasa, kuma bayan mako guda ta faɗo ƙasa sosai a jerin. Wannan ma himma aka auna, kamar katunan da Baba Tsohon Mai Gabatarwa ya ba da labari, sai dai a nan kowane kati an biya masa kuɗi.

Dalibin_Murfreesboro:
Game da ko shirye-shiryen suna da sauran tasiri, ga abin da ya sauya. A watan Oktoba na 2012 Billboard ta sake tsarin jerin Hot Country Songs, ta shigar da saye da sauraro ta intanet da kuma juyin da waƙa ke samu a gidajen rediyon da ba na kantiri ba, ta ware wani jeri dabam mai suna Country Airplay don rediyon kantiri zalla. Nan take waƙoƙin da suka haɗa kantiri da salon birni suka fara daɗewa a sama. Ta Bebe Rexha da Florida Georgia Line ta yi mako 50 tana ta ɗaya daga ƙarshen 2017 zuwa 2018, abin da masu riƙo da tsohon salo suka yi ta ƙorafi a kai. A 2013 kuma aka fara lissafa kallon YouTube a Hot 100. Ita GAC, kamfanin Scripps ya saye ta a 2004, ta riƙa rage waƙa tana ƙara wasu shirye-shirye, aka sake sayar da ita a 2021, yanzu sunanta Great American Family, finafinan iyali da na Kirsimeti take nunawa. 'Yan ajinmu ba sa jiran safiyar Asabar su ji wadda ta zo ta ɗaya.

Direban_Tirela_Ohio:
Haka ne, ƙanena. A gidajen abincin da na ambata yanzu kowa kansa yana sunkuye a kan waya. Ni dai ina ganin an yi asarar wani abu. A shirin jeri dole ka bi ta kan waƙoƙin da ba ka zaɓa ba kafin ka iso ga wadda kake jira, kuma ta haka na san mawaƙa da dama da ba zan taɓa neman su da kaina ba. Waya kuwa abin da ka saba ji take ƙara kawo maka.

Sarkin_Faifai:
Barista, na karɓi cewa ikon tasha ya ragu, amma ban ga ya koma hannun jama'a ba. Ya koma hannun masu haɗa jerin waƙoƙi a Spotify da Apple Music, da kuma tsarin da ke zaɓa wa mutum bidiyo na gaba a YouTube da TikTok. A shirin talabijin aƙalla ka san sunan tashar, ka san fuskar mai gabatarwa, in an yi ba daidai ba akwai wanda za a tuhuma, kamar yadda matsin lamba ya kai CMT ga alƙawarin 2020 da Hajiya ta ambata. Wa za a je a tuhuma a kan abin da waya ta ga dama ta nuna maka?

Hajiya_Umman_Yara:
Ana iya tuhumarsu su ma, kamfanoni ne masu ofis da shugabanni, kuma manyan jerin waƙoƙinsu mutane ne ke haɗa su. Sai dai sai masu sauraro da mawaƙa sun dage kamar yadda matan Nashville suka dage daga 2015.

Bintu_Jarida:
Akwai gwajin da mai son bin diddigin tambayar farko zai iya yi da kansa. Lambobin yabo na CMA, waɗanda ake bayarwa tun 1967, 'yan ƙungiyar ne ke zaɓe, wato mawaƙa da marubuta da masu shirya faifai da ma'aikatan rediyo, kuma sun fara ba da lambar bidiyo a 1985, Hank Williams Jr. ne ya fara ɗauka. Lambobin CMT kuwa masu kallo ne suka riƙa kaɗa ƙuri'a. A ɗauki shekaru 10 a jere, a ajiye wanda ya ci bidiyon shekara a nan kusa da wanda ya ci a can, sannan a duba inda kowannensu ya tsaya a jerin mako-mako na tashar da na Billboard. Carrie Underwood ta fi kowa yawan lambobin CMT, kuma ita ce wadda ƙuri'ar masu kallon talabijin ta fito da ita tun farko a gasar American Idol ta 2005, don haka shekarun da ta ci su ne zan so a fara dubawa. Ɗalibi, tunda kana kusa da ɗakin karatun da ke ajiye tsofaffin mujallun, ko za ka taimaka mana da na shekarun 2005 zuwa 2015?